Ruwan Inabin da Na Mayar Zoɓo

Shekarun baya, tun kafin korona ta zo ta kulle mutane a ɗaki, muna zaune a unguwar Al Nahda ta Dubai, hawa na bakwai. Ɗaki ɗaya ne da falo, sai wani kicin wanda idan za ka buɗe firji sai ka ja da baya ka ba shi hanya. Maigidana yana aikin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira, ya fita da sassafe, cunkoson hanya ba ya sako shi sai bayan magariba. Ni da 'yata muke wuni. Lokacin tana da shekara biyu da 'yan watanni.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a nan sun san halina. Ni ce uwar da idan yarinya ta yi atishawa sau biyu, na riga na ɗauko mayafi da katin asibiti. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama sai Islamiyya. Duk abin da likita ta faɗa da Turanci rabi nake kamawa, ragowar rabin kuma zuciyata ce take cike min shi, kuma ba ta taɓa cike shi da alheri ba.

A wannan shekarar 'yata ta yi zazzaɓi na kwana biyar. Zazzaɓin ya tafi, alhamdulillahi, amma ya tafi da cin abincinta. Kunun gyaɗa, taliya, ayaba, shinkafa da miya, har madarar da take kuka a kanta a da, duk sai ta datse baki ta kawar da kai. Ruwa kawai take kurɓa. Likita ta duba ta ta ce babu komai, ci zai dawo da kansa, in daina tsare ta da cokali. Na ce to. Muna fita daga asibitin na saya mata biskit na fara bin ta da shi tun a cikin tasi.

Akwai wani ɗan awarwaro da mahaifiyata ta aiko mata daga Kano, wanda a da sai na shafa mata mai yake shiga. Sati biyu da fara wannan abu, na ga idan ta ɗaga hannu yana gangarowa har kusa da gwiwar hannunta. Daga ranar ban ƙara kallon fuskarta ba tukuna sai na fara kallon awarwaron.

Ƙofar da take kallon tamu akwai wata tsohuwa Balarabiya, daga duwatsun Lebanon. Ɗanta ne yake aiki a Dubai, ita kuma takan zo wurinsa idan sanyin garinsu ya shigo, saboda gwiwoyinta. Gajeruwa ce, kullum da farin ɗankwali da carbi. Abin da na fara lura da shi hannayenta ne: tafin duk ya faffashe, kuma cikin tsagar akwai wani duhu-duhu kamar lallen da ya ƙi fita. Gaisuwa kawai take haɗa mu. Wata rana a cikin lifta ta kama hannun 'yata ta jujjuya, ta kaɗa awarwaron da yatsa, ta dube ni. Da la'asar sai ga ta tana ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da kwalba.

Kwalbar koriya ce mai duhu, mai dogon wuya, an toshe bakinta an narka kakin zuma a kai, an ɗaura mata jan zare. Babu takarda, babu rubutu. Abin da yake ciki ja ne har ya so ya koma baƙi. Ta ce "inab," ta nuna yarinyar, ta kwatanta sha da hannu, ta juya abinta.

Jama'a, inabi fa ta ce. A irin wannan kwalbar. Ni a talabijin kawai nake ganin irinta, kuma ban taɓa ganin an sha ta da bismillah ba. Na yi godiya da murmushi, ina rufe ƙofa na naɗe ta a baƙar leda, na tura ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke bayan omo, na wanke hannuna da sabulu har sau biyu.

Da maigidana ya dawo na ja shi kicin na nuna masa cikin raɗa, kamar akwai mai jin mu. Ya ɗaga kwalbar a fitila ya yi ta dariya. Ya ce matar da kullum yake haɗuwa da ita tana jan carbi ce za ta kawo wa yarinya giya? In je in tambaye ta mana. Na ce da wane bakin, ni da ba na jin Larabci.

"Da bakin da kike taya atamfa a kasuwar Murshid Bazaar," in ji shi. "Ranar nan har mai shagon sai da ya ce khalas, ɗauki ki tafi."

Ban je ba. Ita ce ta zo bayan kwana biyu, ta tambaye ni ko yarinya ta sha. Allah Ya yafe min, na ce ta sha, alhamdulillahi. Ta kalli yarinyar, ta kalle ni, ta wuce ni ta shiga kicin ta miƙo hannu. Haka na durƙusa na zaro ledar daga bayan omo, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tana ganin ledar da inda ta fito ta gane komai. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta dafe ƙirji ta jingina da firji tana dariya har ɗankwalinta ya zame.

"La, la, ya binti," take cewa. Wato a'a, 'yata.

Da ɗan Larabcina na kasuwa da hannayenta muka haɗa maganar. Ranar da ta tsinke inabin, ranar take matse shi, ranar take ɗora shi a wuta ya tafasa, tun yana da zafi ta ɗura ta toshe. Ba ya kwana ko ɗaya balle ya juya ya zama wani abu. Ta fasa kakin da wuƙata, ta tsiyaya a kofin shayi, ta yi bismillah da ƙarfi don in ji, ta sha. Sannan ta miƙo min.

Na zaci irin zaƙin lemon kwali zan ji. Ba haka ba ne. Abin da ya fara zuwa wani ɗan tsami ne siriri mai tsabta, wanda ya sa yawuna ya tsinke. Sai da na haɗiye sannan zaƙin ya biyo baya, a hankali, ba ya gaggawa. Daga ƙarshe wani ɗan bauri ya riƙe min gefen harshe, da ƙamshin hayaƙin itace can nesa. Na tsaya riƙe da kofi. Ita kuwa tana kallon bakina kamar yadda nake kallon na maigidana idan na gwada sabuwar miya.

Abin da ta yi bayan nan shi ya fi ba ni mamaki. Ba ta kira yarinyar ba. Ta sirka kaɗan da ruwa, ta zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ta juya wa 'yata baya, ta fara kurɓa tana jan shi da ƙara tana lumshe ido. Ko minti biyu ba a yi ba yarinya ta zagayo tana leƙen kofin. Tsohuwa ta janye shi ta ƙara juya baya. Sai da 'yata ta kama mata hannu da ƙarfi sannan ta sakar mata, wai don dole. Ta shanye. Tsohuwa ta yago gurasarsu ta Larabawa ta tsoma a wani sabon kofin, ta kai bakinta, yarinya ta fizge. Loma uku ta ci. Na ƙirga. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Kwana huɗu haka muka yi. Ba ta karɓar komai sai wannan ruwan da gurasa, amma tana karɓa, kuma kullum lomar tana ƙaruwa. Tsohuwa takan shigo bayan azahar ta zauna, ta fito da wayarta tana nuna min hotuna. Gonarta a jikin dutse take, hawa-hawa kamar matakala. A wani hoton komai ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, itatuwan inabin sun zama baƙaƙen sanduna kamar sun mutu. A wani kuma ga ta a tsaye cikin ganye da kwando a ka. Ta ce ba ta ba su ruwa, su nemi nasu a cikin dutse. Ta ce inabin garin zafi da wuri yake nuna, ya yi ƙato ya cika da zaƙi, shi ke nan labarinsa ya ƙare. Nata kuwa rana ta dafa shi, sanyin dare ya tsayar da shi, sai ya daɗe a jikin uwarsa, shi ya sa yake da tsamin nan. Kafin rana ta fito take tsinka, tun 'ya'yan suna da sanyi. Da rassan da ta datse bara take hura wutar. Jan zaren wuyan kwalbar kuma alama ce ta gefen gonar da ya fi tsawo, inda ya fi sanyi, wanda take ajiye wa gida ba ta ba kowa. Ta nuna min da yatsu: uku ta zo da su, ɗanta ya shanye biyu, wannan ce ta ƙarshe.

Na ji wannan maganar da kunnena. Ku riƙe ta, don kada wani ya ce ban sani ba ne.

A rana ta biyar muna waya da mahaifiyata ta bidiyo, na ɗaga mata kwalbar ina ba ta labari, har da hoton ƙanƙarar. Ta matso da fuskarta jikin waya ta ce ai wannan zoɓon Larabawa ne. Ta tambaya an sa citta? Na ce a'a. Kanumfari fa? Na ce babu komai a ciki, Umma, inabi ne zalla. Sai ta yi salati.

"Abin da ya fito daga garin ƙanƙara kike ɗura wa yarinyar da ta tashi daga zazzaɓi, babu ko kayan ƙamshi? Sanyin ai yana cikinsa. Ƙirjinta zai kama."

Ni da dama neman abin tsoro nake, sai ga shi an miƙo min har gida. Muna ajiye waya na fara jin kamar numfashin yarinyar ya canja. Na duba kwalbar, ta wuce rabi kaɗan. Na ce bari in yi abu biyu a lokaci ɗaya, in kashe sanyin, in kuma ƙara masa auki. Na juye shi duka a tukunya. Duka. Na ƙara ruwa, na daka citta da kanumfari da masoro, na zuba sukari, na ɗiga ɗan ƙamshin abarba don kada a ce ban iya ba. Gidan ya ɗauki ƙamshi kamar ana shirin suna. Har ina jin daɗin kaina, ina cewa gobe zan nuna wa tsohuwa yadda muke yi a Kano.

Da ya huce na zauna a ƙasa na juya baya, na kurɓa da ƙara kamar yadda na koya. Yarinya ta zo da gudu. Ta kai hancinta bakin kofi, ta tsaya, ta dube ni irin kallon wanda aka ci amanarsa, ta ture shi. Na tsoma gurasa, ta ture. Na ba ta gurasar babu komai, ita ma ta ƙi, don yanzu ta daina yarda da hannuna. Ranar haka ta wuni ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa.

Maigidana ya dawo ya tarar da ni zaune a ƙofar kicin na haɗa kai da gwiwa. Kafin in gama bayani ya ɗebi kofi ɗaya ya shanye, ya ƙara na biyu, ya ce wallahi rabonsa da zoɓo mai daɗin wannan tun bikin ƙanwarsa. Saura kaɗan in jefe shi da ludayi. Da ya ga da gaske nake sai ya zauna kusa da ni, ya ce babu wata dabara, gobe in je in faɗa mata gaskiya, ita ta san abinta.

Washegari na ɗura abin da na dafa a kwalbarta, don mu ba a mayar wa mutum da mazubinsa babu komai, na saɓa yarinya a kafaɗa na ƙwanƙwasa. Ta ga kwalba cike har wuya, ta ɗaga gira. Ta tsiyaya ta kurɓa. Idonta ya kawo ruwa, ta yi tari, ta dafa bango. Na buɗe tafin hannuna na nuna mata citta da kanumfari da masoro, na ce Hajiya ki yafe min, tsoron sanyi na ji. Na nuna ƙirjin yarinyar, na nuna hoton ƙanƙara a wayarta.

Ta tsura wa kwalbar ido. Wannan kallon ya fi min zagi ciwo, don a lokacin ne na tuna hannayen nan da suka faffashe, da tashin asuba, da cewa shekara guda ake jira kafin a samu wannan kwalbar. Ta juya kwalbar a hannunta, ta taɓa jan zaren. Sannan ta ƙara kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta ce wannan ba na yara ba ne, na tsofaffi masu ciwon gwiwa ne, kuma ta riƙe, ba za ta ba ɗanta ko ɗigo ba. Ta sa shi a firjinta, ta ɗauko jakarta.

"Yalla," ta ce. "Mu tafi, ɗauko mayafinki."

Tasi muka hau zuwa babbar kasuwar kayan marmari. Ban taɓa ganin sayen inabi irin na ranar ba. Duk wanda na nuna, manya masu sheƙi marasa ƙwallo, sai ta kaɗa kai ko taɓawa ba ta yi. Kowane mai shago sai ta tambaye shi daga wace ƙasa, kuma dutse ne ko fili. Wasu su amsa, wasu su ce Hajiya inabi dai inabi ne. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta fito da fatar ta duba a tafin hannu, ta wuce. Ni ina biye da ita da goyo, ina ba mutane haƙuri da ido. Mun kusa ƙarshen layi wani dattijo ɗan Afganistan ya saurare ta, ya shiga ciki ya fito da wani kwali daga ƙasan kaya. Ƙanana ne, baƙaƙe, da wata farar ƙura a jikinsu, ga ƙwallo. Ya ce ba a cika saye ba. Ya nuna gwiwarsa, wai nan ƙanƙara take kaiwa a garinsu. Ta tauna ɗaya ta rufe ido.

"Ba nawa ba ne," ta ce, "amma ɗan uwansa ne."

A kicin ɗina muka yi aikin. Abu na farko da ta yi, ta ɗauki gwangwanin kayan ƙamshina ta jefa a jakarta ta ja zif. Muka wanke inabin, muka tsinke shi daga karan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya fashe ko ya yi laushi ta ware shi gefe. Babu mazubin da zai ɗauka sai bahon wankan yarinya, muka wanke shi da ruwan zafi muka juye. Mun fara matsewa da hannu ke nan 'yata ta zo ta tsaya a kanmu. Tsohuwa ta ɗauke ta ta wanke mata ƙafafu da sabulu har gwiwa, ta tsayar da ita a tsakiyar bahon.

Da farko ta ƙame. Sai ƙwaya ɗaya ta fashe a ƙarƙashin diddigenta. Ta ɗaga ɗaya ƙafar ta taka. Daga nan sai tsalle, jan ruwan yana fallatsa a bango da firji da zanina, tana ƙyalƙyala dariyar da rabona da ji tun kafin zazzaɓi. Ni kuwa ina zagaye bahon da hannu a buɗe, za ta zame, za ta yi mura, ƙwallo zai shige mata hanci. Tsohuwa ta nuna min kujera da yatsa. Na zauna. Na miƙe. Ta sake nunawa.

Muka ɗora shi da fatar a wuta kaɗan har ya yi duhu, muka tace da sabon farin ɗankwalina, wanda daga ranar bai ƙara zama fari ba, muka mayar a tukunya. Ta rage wutar ta tsaya a kai, tana kwashe kumfa da cokali, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Sau uku ina tambayarta ko a sa sukari ko da cokali ɗaya ne. Na ukun ko amsa ba ta ba ni ba.

Dama na zuba mana garau-garau a faranti ɗaya, shinkafa da wake da mai, na ajiye a ƙasa bakin ƙofar kicin sai mun gama. Ina tsaye kusa da ita ina riƙe mata kwanon kumfa, sai na ji ƙarar faranti a bayana. Na waiga. 'Yata ce zaune dirshan, ƙafafu jajaye har cinya, ta jawo farantin tsakanin ƙafafunta, ta cika hannu biyu tana turawa a baki.

Na buɗe baki zan yi hamdala, zan ce sannu, zan ce bari in kawo cokali, ban ma san me zan ce ba. Tsohuwa ta ɗora min yatsanta mai ɗanɗanon inabi a leɓe, ta kama kafaɗata ta juyar da ni wajen tukunya. Haka muka tsaya mu biyu, mun ba yarinya baya, tana kwashe kumfar da ta riga ta ƙare, ni kuma hawaye yana sauka min a haɓa, muna sauraren taunarta. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Can sai muka ji an buga farantin a ƙasa.

"Mami, ƙari."

Har yau ba zan ce muku inabin ne ya dawo mata da ci ba. Likita dama ta ce zai dawo, wataƙila lokacinsa ne ya yi, wataƙila tsallen ne ya sa ta yunwa. Abin da na sani shi ne ni tsorona a hannu yake fita. Idan hankalina ya tashi sai na ƙara wani abu, magani ko yaji ko magana ko cokali ɗaya na ƙarshe, kuma ina yi ne da sunan ƙauna. Wannan matar ita ma tana ƙaunar abinta, amma ta shekara tana kallonsa a cikin sanyi ba ta ɗauko masa ko bokitin ruwa ba, don ta san abin da yake yi a can ciki. Ban zama irinta ba, kada in yi muku ƙarya. Jiya ma sai da na taɓa goshin yarinyar nan sau uku don ta ce ta ƙoshi. Amma na biyun da na ukun daga nesa na fara tsayawa na duba ta tukuna.

Da sanyin garinsu ya fara raguwa ta koma, wai lokacin datse rassa ya yi, ba za ta bar wa kowa ba. Shekarar da ta biyo korona ta rufe hanya, mu ma daga baya muka tashi daga gidan. Amma duk kaka sai saƙon muryarta ya shigo, dogo, rabinsa ba na ganewa, ina dai jin iska tana kaɗawa a bayanta da ƙarar almakashi. Ni 'yar Kano ce da aure ya kai Dubai, daga zafi zuwa zafi. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, amma na san ɗanɗanon garin da take sauka.